Kududdufin unguwa: a cike shi ko a dasa masa itatuwa, kuma wa ke da ta cewa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masanan cikinmu su warware. Yawancin kududdufan birnin Kano, waɗanda aka haƙa tun zamanin ginin ƙasa, an cike su da shara an yanka filaye, kuma kowa na ganin inda ruwan da suke ɗauka yake komawa duk watan Agusta. To a ce wata unguwa tana da guda ɗaya da ya rage, kamar rabin hekta, sai gwamnati ko wata ƙungiya ta zo da kuɗi tana so a mai da shi wurin shan iska mai itatuwa, wanda kuma zai riƙe ruwan sama. Ta yaya za a sa mutanen unguwa a ciki da gaske? Ba irin taron nan da ake tara mutum 40 a nuna musu zanen da aka riga aka gama, su sa hannu, a raba lemo a watse ba.

Mai Safiyo:
Wa alaikumus salam. Kada a fara da taro ma. A fara da tafiya a ƙasa, washegarin ruwa mai ƙarfi, a Yuli ko Agusta. Mutum 8 zuwa 10 sun isa: wakilin mai unguwa, dattijo guda da ya san wurin tun da, matasan da ke yashe kwata, ɗan garuwa, da mai zanen da kansa, ba yaronsa ba. A bi kowane lungu da ke zuba a kududdufin, a juya wa gangare baya har a kai inda ruwan yake rabuwa ya nufi wani wuri. Nan ne iyakar yankin da ke aiko da ruwa, kuma mutanen cikinsa duka aikin ya shafa, ko da suna ƙarƙashin wani mai unguwar.

Duk gidan da ruwa ya taɓa shiga, mai gidan ya nuna inda ya kai a bango, a ja layi da fenti, a auna da tef, a rubuta shekarar. A buga hoton unguwar na tauraron ɗan'adam a babbar takarda wadda mutum zai gane rufin gidansa, a riƙa sa alama a kai: nan kwalbati ta toshe, nan an yi gini a kan lambatu, nan rijiya, nan masai. A Darussalam ta Tanzaniya an yi irin wannan tun 2015 a shirin Ramani Huria, ɗalibai da mazauna unguwanni suka zana magudanai suka ɗora a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a kanta. Ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, waya da tef ne da haƙuri.

Injiniyan Ruwa:
Na yarda da Malam, amma bari in faɗi abin da ba a so a ji. Idan ka tara mutanen da ke bakin kududdufi ka ce me kuke so, kusan duk za su ce a cike shi. Kuma suna da hujja: sauro, wari, yara na faɗawa, ga 'yan shaye-shaye da daddare. Shi ya sa dole a yi lissafi kafin a buɗe baki.

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ce yankin da Malam ya zagaye hekta 20 ne, aka yi ruwan milimita 60 a dare guda. Lita miliyan 12 ke nan. A unguwa mai cunkoso, rufin kwano da siminti, kusan kashi 70 cikin 100 ba ya nutsewa, gangarowa yake. Saura lita miliyan 8 da dubu 400, ya haura tankar mai 250. In za a ajiye shi a rabin hekta, ana buƙatar zurfin da babu komai a ciki na kusan mita 1.7, kuma ya fi haka idan aka kwantar da gefuna. Wannan adadin ba a jefa masa ƙuri'a. In aka cike ramin, ruwan bai ɓace ba, gidan wani ya koma.

Baban Unguwa:
To Injiniya ai ka gama yanke hukunci ke nan. Ka ce ba a cikewa, sannan ka kira mu mu zaɓi launin benci? Irin wannan ne ya sa mutane suka daina zuwa taro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniyan Ruwa:
Allah ya ƙara girma Baba, ba haka nake nufi ba. Abu biyu nake so. Na ɗaya, tun a zaman farko a faɗa wa mutane ƙarara abin da ke hannunsu da wanda ba ya hannunsu, da dalili, a yi lissafin a gabansu a kan allo da Hausa. Na biyu, a gayyato mutanen gangare, waɗanda ruwan zai faɗa wa in an cike. Idan mai son a cike ya ga fuskar wanda ɗakinsa zai rushe, maganar tana sauyawa ba sai injiniya ya yi wa'azi ba.

Kuma abin da ke hannun jama'a ba launin benci ba ne. Su za su ce ta ina ƙofa za ta kasance, wane ɓangare ne zai yi zurfi, wane ne zai zama tudu da za a yi ƙwallo ko sallar jana'iza da taron biki a rani, a bar ɗan ruwa na dindindin ko a busar da shi gaba ɗaya, ina banɗaki, ina wurin tara shara, wa zai riƙe makulli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kashe aikin in aka yi kuskure, kuma babu wanda ya san amsarsu a ofis.

Baban Unguwa:
Wannan kuma magana ce. Amma a ƙara da cewa kada a bi ta bayan mai unguwa da dagaci, kuma kada a tsaya a kansu kaɗai. In an tsallake su aikin ba zai zauna ba. In an tsaya a kansu, masu gida za a ji, 'yan haya ba za su yi magana ba, alhali su ne a ɗakunan da ruwa ya fi ci.

Malamar Islamiyya:
Baba ya taɓo inda nake jira. Duk zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, zaman maza ne. Mata ne ke kwashe ruwa daga tsakar gida da tsakar dare, su suka san wane yaro ke zuwa wasa bakin ramin, su ke aiken yara zubar da shara. A yi musu zamansu daban a makarantar Islamiyya ta matan aure, a nemi izinin shugabar makarantar a ɗauki minti 40 a ƙarshen darasi, mace ce za ta jagoranta. Waɗanda ba sa fita kuma a tura 'yan mata biyu-biyu gida-gida da hantsi, bayan an sallami 'yan makaranta kafin a ɗora girkin rana. Tambaya biyar ta isa, in ta yi yawa uwar gida za ta ce "duk yadda kuka yi daidai ne" don ku tafi.

Sannan kada a tambayi mace "me kike so a yi a wurin?" A tambaye ta me zai hana ta barin 'yarta ta je. Nan za a ji maganar fitila, da katanga mai tsawo da ba a ganin ciki, da samarin da ke zama a ƙofa.

Ɗan Birni:
Hajiya, to in ra'ayin mata ya saɓa da na maza fa?

Malamar Islamiyya:
A rubuta su daban, a karanta duka biyun a babban zama ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Matsalar tana zuwa ne idan sakatare ya haɗe su wuri guda ya ce "ra'ayin al'umma". Na masu ƙarfin murya ne kawai ke tsira.

Mai Safiyo:
Akwai wasu kuma da ba sa cikin kowane jerin suna amma a wurin suke ci: masu buga bulon ƙasa, masu wankin babur da Adaidaita, 'yan jari bola, masu ɗaure tumaki, da almajiran makarantun allo da ke zagayawa can saboda babu banɗaki. Idan zane bai ba su wuri ba, za su dawo su ɗauka da kansu, ta hanyar yanke waya ko fasa katanga. A zauna da malaman tsangayu tun farko. Wurin shan iskan da ba a gina masa banɗaki mai ruwa ba, kowa ya san abin da zai koma cikin wata uku.

Wajen zaɓi kuma, ɗaga hannu ba ya aiki, kowa na kallon hannun babba. A zana abubuwan da ake takara a kansu a kwali, a rubuta kuɗin kowanne a ƙasa, a ajiye kwano mai murfi a gaban kowane zane, a ba kowa ƙwayar wake 10 ya raba yadda ya ga dama. Wanda bai iya karatu ba ya yi zaɓi daidai da kowa. Kafin a kammala zane kuma a fita filin a kafa turaku, a zuba toka a ja layin hanya da bakin rami da ƙofa, a bar shi mako guda. Mutumin da bai ce komai a kan takarda ba, yana ganin layin toka ya tokare ƙofar garejinsa zai zo da gudu. Gara ya zo yanzu da ya zo bayan an zuba kankare.

Barista:
Duk abin da kuke faɗa zai tashi a banza in ba a fara da takardar filin ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma filayen cikin birni shi ke ba da izinin mallakarsu. Yardar mai unguwa da sa hannun dattawa ba sa hana a wayi gari wani ya zo da takardar mallaka. Don haka kafin a kashe ko sisi: a bincika a ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ko akwai wanda aka taɓa ba wurin, a sa safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a nemi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta amince da shi a rubuce a matsayin fili na jama'a da matattarar ruwa, ba wurin gini ba. Ƙungiyar unguwa ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da amintattunta, don ta iya sa hannu a yarjejeniya, ta buɗe asusu, ta kuma shigar da ƙara in ta kama.

A lura da wani abu: kududdufi yana cike da shara babu mai kallonsa, ranar da aka gyara shi ne yake yin daraja. Kwafin takardun kada su zauna a hannun mutum ɗaya. A ajiye wurin mai unguwa, da limami, da shugabar mata, a kuma kafa allo a bakin filin mai ɗauke da girmansa da lambar fayil.

Bamaradiya:
Barista ya yi gaskiya, kuma muna da misalinsa a Nijar. Zoben itatuwan da aka fara dasawa kewayen Yamai a 1965, an tsara shi a kan hekta 2,500, yawanci dogon yaro. Aikin hukuma ne, ba a warware maganar masu gonakin da aka dasa a kansu yadda ya kamata ba, mutanen gefe kuma ba su ga nasu a ciki ba. Yau wurare da dama sun zama filaye da gidaje da juji. Ku kwatanta da sassaben zamani da ya bazu daga yankin Maradi tun shekarun 1980, inda manomi ke barin tohon kututture a gonarsa yana yi masa aski. Babu leda, babu ban ruwa, amma ya kai miliyoyin hekta, don manomin ya tabbata itacen nasa ne, zai sari reshe ba a kama shi ba. A birni ma tambayar ke nan: wanda ya yi rainon itacen nan, me zai samu?

Uwar Gandu:
'Yar'uwa kin kawo mu gida. Dashe ba shi ne aiki ba, rani biyu na farko su ne aiki. Bari in ba da lissafi a kan itace 120, layi biyu kewaye da ramin da kuma titunan da ke shigowa.

Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a haƙa a Mayu. Ƙasar sama a ware ta, a gauraya da ruɓaɓɓen taki kwano biyu ko uku. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A dasa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, in damina ta zauna. Dashen da ake yi a ƙarshen Agusta don manyan baƙi su samu zuwa, saiwarsa ba ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta nannaɗe a gindi a datse ta. Kowane dashe da kejinsa mai tsawon mita 1.5, in ba haka ba akuya ta gama da shi kafin sallar magariba.

Daga Nuwamba zuwa Mayu, jarka guda mai lita 25 sau biyu a mako ga kowane itace. Jarka 240 ke nan a mako, kura 20 in kurar mai jarka 12 ce, na kusan mako 30. Wannan lissafin a kai shi gaban jama'a kafin a sayi dashe ko ɗaya. In unguwa ta ce 60 za ta iya shayarwa, a dasa 60.

Ɗan Birni:
Hajiya wane iri za a dasa? Kowa darbejiya ya sani.

Uwar Gandu:
Darbejiya tana da juriya, tana saurin yin inuwa, amma a ba ta mita 8 tsakani, kuma aƙalla mita 5 daga katanga ko masai. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dashen, don in cuta ta zo wa iri guda kada a rasa duka. Maɗaci yana son fili, mita 10 zuwa 12, kuma a sani masu magani za su sassaƙe ɓawonsa in babu mai gadi. Gawo yana da wata baiwa: da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore, wato yana da inuwa a Maris da Afrilu lokacin da ake nemanta, sai dai ƙaya. Kanya da marke suna jure gefen da ke jiƙa. Tsamiya tana da nawa wajen girma, kuma akwai gidajen da ba za su yarda a dasa ta ko kuka a ƙofarsu ba saboda maganar iskoki. Ba a musu da wannan, a tambayi mai gida, a ba shi zaɓi cikin iri uku. Wanda ya zaɓi mangwaro da bakinsa zai zuba masa ruwan alwala kullum, wanda aka dasa wa abin da ba ya so zai bar shi ya bushe. Ceɗiya da durumi a nesanta su da lambatu da bututu. Ƙarƙashin wayar lantarki kuma kada a sa mai tsawo, ƙarshensa sara ne.

Gefen ramin a dasa jema layi-layi a kan gangaren, tazarar taƙi guda tsakanin tushe da tushe. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana riƙe bakin rami.

Injiniyan Ruwa:
In koma kan koken mutanen bakin rami, don in ba a amsa shi a zane ba, sun yi gaskiya da suka ce a cike. Sauro yana ɗaukar kamar mako guda zuwa kwana 10 daga ƙwai zuwa mai fiffike. Don haka ruwan ya fice cikin kwana 3. A lissafinmu na sama kimanin lita 32 ne a daƙiƙa, ƙaramin bututu ya isa, kuma ƙanƙantarsa ce ke hana a tura wa na gangare ruwan a lokaci guda. A sama kuma a yi mafita mai faɗi ta kankare saboda ranar da ruwa ya fi ƙarfin ramin.

Abin da ya fi kashe irin wannan aikin shi ne ruwan wanka da wanke-wanke da ke fitowa daga gidaje duk shekara. In ya shiga ramin ba zai taɓa bushewa ba. A yi masa ƙaramar kwata ta siminti, faɗin rabin mita, ta bi gefe ta wuce, sai ruwan sama ya cika ta ne zai tsallaka cikin filin. A kowace mashiga a sa ragar rodi mai tare leda da ƙaramin rami mai tare yashi, inda mutum zai iya shiga da shebur da baro. Gefuna kuma a kwantar da su, mita 1 na zurfi a ba shi aƙalla mita 3 na gangare, ta yadda yaron da ya zame zai iya rarrafowa. In ana so wani ɓangare ya riƙa tsotse ruwa, a gwada ƙasar: rami santimita 30, a cika shi ya tsotse, a sake cikawa a auna. In bai sauka santimita 1.5 a awa ba, laka ce, kada a dogara da ita. Kuma ramin da ya shekara yana cin shara, sai an kwashe ta tukuna, in ba haka ba dattin zai gangara cikin rijiyoyin maƙwabta.

Ɗan Birni:
Na ga ana yawan kawo misalin Medelin ta Kolombiya, inda aka yi korayen hanyoyi 30 daga 2016 aka ce zafi ya ragu da kusan digiri 2.

Uwar Gandu:
Gaskiya ne, amma can ruwan sama kusan duk shekara ne, ba su san wata bakwai babu ɗigo ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun horar da mutum 75 daga masu ƙaramin ƙarfi suka zama ma'aikatan lambu masu albashi. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Firitawun ta Saliyo. A 2020 magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan guda. Mazauna unguwa ke rainon, kowane itace ana ɗaukar hotonsa da waya mai nuna inda yake, ana komawa ana sake ɗauka, ana biyan mai raino ta waya in itacen na raye. Wato kuɗin yana bin rayuwar itace, ba yawan ramin da aka haƙa ba.

Baban Unguwa:
Wannan ya fi kuɗin zama da ake rabawa a taro. Da zarar an fara ba da na mota, masu zuwa don ambulan za su cika wurin, masu maganar kuma su zauna a gida. Aikin gayya yana yashe kwata ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, amma ba ya ban ruwa na wata bakwai. A ware wa matasa huɗu ko biyar, da 'yan garuwan da za a yi ciniki da su, a biya su duk wata bayan an ƙirga masu rai.

Barista:
Kuma a sa shi a yarjejeniya tun kuɗin aikin na nan: kaso nawa aka ware wa kulawa ta shekara biyu, a wane asusu, sa hannun mutum nawa. Bayan nan kuɗin banɗaki da hayar rumfuna uku ko huɗu a bakin ƙofa su riƙe wurin. A ƙayyade adadin rumfunan a rubuce, don daga huɗu ake zuwa arba'in. A rubuta wa zai kwashe sharar da raga ta tare, ƙungiya ko REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, da kuma ranar.

Malamar Islamiyya:
Saura abu guda da ake mantawa. Bayan an ji ra'ayin mutane, a dawo musu da amsa cikin mako biyu ko uku: ga abin da kuka ce, ga wanda aka ɗauka, ga wanda ba a ɗauka ba da dalilinsa. Shafi ɗaya, da boko da ajami, a liƙa a masallaci da ƙofar mai unguwa, a karanta a Islamiyya, a kuma yi saƙon murya a tura a WhatsApp. Mutum yana haƙura in an ƙi shawararsa aka gaya masa dalili. Shirun ne ke sa gobe in an kira shi ya ce yana da uzuri.

Mai Safiyo:
Ɗan Birni, ga yadda lokacin zai kasance in ana so a dasa a damina mai zuwa. Zagaye da alamar bango a wannan daminar. Binciken takardu da awo daga Satumba zuwa Nuwamba. Zaman jama'a, zaɓi da layin toka a Disamba da Janairu. Haƙa da ginin mashiga da mafita daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ramin ya fi bushewa. Odar dashe kuma a ba masu raino tun Janairu, don kanya da marke ba a cika samunsu a bakin titi ba sai an sa an rena.

Injiniyan Ruwa:
A ƙara da wannan a jadawalin: kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ramin ya ga ruwa mai ƙarfi sau biyu, kwamitin unguwa ya tsaya ya duba da agogo ko ya fice cikin kwana 3. A kafa sanda mai alamar santimita a tsakiyar ramin, yadda za a iya karanta ta daga bakin hanya.